Shin yawan damuwa ne ke cinye min ƙwaƙwalwa?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari, na karanta saƙonki har ƙarshe duk da tsawonsa. In na fahimce ki daidai shekararki 47, tun kina budurwa ke mutum ce mai saka abu a rai, ɗan ƙaramin abu sai ya hana ki barci, toh yanzu kuma ga mantuwa ta shigo, suna ya zo bakinki ya maƙale, ki shiga ɗaki ki tsaya kina tunanin me ma ya kawo ki, a faɗa miki abu da safe kafin rana ya bi iska. Ga yayarki da ta ba ki shekara 12 ita ko a jikinta, ba ta taɓa kukan mantuwa ba, kuma dama can ita ba mai damuwa ba ce. Shine kike tambaya ko halin naki ne ke cinye miki ƙwaƙwalwa, kuma ko hanyar ciwon mantuwa irin na tsufa kika kama.

Toh alaƙa dai akwai, ba zan ɓoye miki ba, amma tsakanin yadda kika hango ta da yadda take akwai tazara sosai.

Aikina gwada ƙwaƙwalwar mutane ne, in zaunar da mutum in karanto masa jerin kalmomi ya maimaita, in ba shi zane ya kwafa, in danna agogo in ga lambobi nawa zai haɗa da alamominsu cikin minti biyu, irin waɗannan dai. Abu na farko da duk mai wannan aiki yake ganewa shine yawan kukan mantuwa da makin da mutum ke ci a gwaji ba su cika tafiya tare ba. An sha bincika wannan a ƙasashe daban-daban kuma amsar kusan ɗaya ce, abin da ya fi nuna wanda zai ce "kaina ya lalace" shine yawan fargabarsa da ƙuncin zuciyarsa, makinsa na gwaji yana can baya. Wanda ya zo da ƙafarsa shi kaɗai, riƙe da takarda ya rubuto duk abin da ya manta a watan nan har da rana da lokaci, galibi hankalina kwance yake a kansa, ai wanda ya iya kawo lissafin mantuwarsa dalla-dalla ma'ajiyarsa tana aiki. Wanda ke tayar min da hankali shine wanda 'ya'yansa suka kawo shi yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, in an yi masa tambaya sai ya juya ya kalli wanda ya rako shi ya amsa masa. Dan haka shirun yayarki bai isa shaida cewa ta fi ki ba, wataƙila ita ma tana neman makulli sau uku a rana, kawai dai ba ta ƙirgawa. Ke kina ƙirgawa, kuma kowanne sai kin sa masa fassara.

Ba wai ina cewa ƙirƙirar mantuwar kike ba fa. Tana faruwa da gaske, sai dai inda matsalar take ba inda kike zato ba ne. Kafin a tuna abu sai an fara shigar da shi, kuma ƙofar shigarsa ita ce maida hankali. Akwai wani ɗan guri a aikin ƙwaƙwalwa da ke riƙe abin da mutum ke juyawa a daidai wannan lokacin, lambar waya da aka karanto miki kafin ki rubuta, farkon jimlar da ake faɗa miki kafin a kai ƙarshenta, dalilin da ya sa kika tashi daga kujera. Gurin nan ƙarami ne a wajen kowa, abu huɗu zuwa biyar ya cika shi. Ita kuma damuwa da kalmomi ake yin ta, "in kaza ya faru fa, me ya sa ta faɗa min haka, ina zan samo kaza", kuma a wannan gurin dai take zama. Kamar mutum ne ɗauke da kaya a hannu biyu a miƙo masa na uku, in ya faɗi ba za a ce hannunsa ya shanye ba. Abin da aka faɗa miki da safe kina tsakiyar wani tunani bai ɓace da rana ba, tun farko ne bai shiga da kyau ba.

Michael Eysenck na Ingila da abokin aikinsa Manuel Calvo sun yi bayanin wannan a 1992, daga baya a 2007 Eysenck da wasu suka faɗaɗa shi, kuma akwai abu ɗaya a bayaninsu da kullum nake so masu irin halinki su ji. Sau da yawa mai fargaba yana cin maki daidai da wanda ba ya fargaba, amma kuɗin da ya biya ya fi yawa, ya fi ɗaukar lokaci, ya fi sake dubawa, ya fi matse kansa. A takarda sun yi kunnen doki, amma ɗaya ya tashi garau ɗaya ya tashi kamar an yi masa duka. Shi ya sa za ki ga aikinki yana tafiya, ba wanda ya kawo ƙararki, amma ke da yamma ji kike kanki ya ƙone.

Toh me ya sa sai yanzu kike gani alhali halin tun tuni yake? Nan ne shekaru ke shigowa. Ƙwaƙwalwa ba ta tsufa gaba ɗaya lokaci guda. Tun zamanin Raymond Cattell da John Horn a shekarun 1960 aka raba basira gida biyu, akwai ta warware sabon abu da sauri, akwai kuma ta ilimin da mutum ya tara. A 2015 Joshua Hartshorne da Laura Germine suka fitar da sakamakon gwajin mutum kusan 50,000, suka ga saurin sarrafa bayani yana kai ƙololuwa wajen shekara 18 zuwa 19 sannan ya fara sauka a hankali, riƙe abu na ɗan lokaci yana kai ƙarfinsa wajen 25 ya tsaya a nan har wajen 35, karantar yanayin mutum daga idonsa sai a shekarun 40 zuwa 50 yake nuna, yawan kalmomin da mutum ya sani kuwa yana ta ƙaruwa har ƙarshen shekarun 60. Kinga a 47 wani ɓangare na kanki ya fi yadda yake kina 25 nesa ba kusa ba, wani kuma ya ɗan ja baya, kuma wanda ya ja bayan shine daidai wanda damuwa ke ci. Andrea Soubelet da Timothy Salthouse na jami'ar Virginia sun duba mutum sama da 2,000 daga 'yan shekara 18 har zuwa masu 90 da ɗoriya a 2011, suka ga alaƙar hali da makin gwaji kusan iri ɗaya ce a ƙuruciya da tsakiyar rayuwa da tsufa. Wato cizon damuwar bai ƙaru ba, rarar saurin da kike rufe shi da ita a da ce ta ragu, sai ya fito fili.

Ga kuma wani abu da ya shafe ki a matsayinki na mace a wannan shekarun, ban ga kin ambace shi ba. Wani babban bincike a Amurka da ake kira SWAN ya bi mata sama da 2,000 yana gwada su a lokacin da al'ada ke shirin ɗaukewa, rahotonsu na 2009 ya nuna a wannan tsakanin mata ba sa ƙara maki in an maimaita musu gwaji kamar yadda aka saba gani, amma bayan an tsallake sai abin ya dawo. Ki haɗa da zafin jiki na dare da katsewar barci. Mata da yawa a shekarunki suna zuwa da tsoron ciwon mantuwa alhali wannan ne.

Yanzu maganar hali shi kansa. Masu wannan fanni galibi suna auna hali ta fuska biyar, ma'aunin Paul Costa da Robert McCrae ne ya fi shahara. Akwai saurin shiga damuwa da ɓacin rai, wanda shine naki, akwai son sabon abu da bin diddigin ilimi, akwai tsari da riƙon alƙawari da gama abin da aka fara, akwai son shiga jama'a, akwai sauƙin kai. In aka auna alaƙar abu biyu ana ba ta lamba daga 0 zuwa 1, sifili babu alaƙa ke nan, ɗaya kuma tafiya tare sak. Son sabon abu shi ya fi alaƙa da makin gwaji, wajen 0.3 da ilimin da aka tara, kuma ba abin mamaki ba ne, mai yawan tambaya da karance-karance shekara 40 dole ya tara, sannan wanda karatu ke masa sauƙi shi ya fi son sa, kowanne na tura ɗan uwansa. Saurin damuwa kuma alaƙarsa ta ja baya ce, wato in ya ƙaru maki ya ragu, amma 'yar ƙarama, wajen 0.1 da ɗan wani abu. Ki kwatanta da wannan, a 1932 a Sikotlan an yi wa yara 'yan shekara 11 sama da 87,000 gwajin basira a rana ɗaya, Ian Deary da abokan aikinsa suka nemo waɗanda ke raye suna dab da shekara 80 suka sake ba su gwajin nan dai, alaƙar makin yarinta da na tsufa ta haura 0.6. Dan haka in aka tara masu damuwa dubu da marasa damuwa dubu, matsakaicin makinsu zai ɗan bambanta, amma in aka ɗauko mutum ɗaya aka ce min mai damuwa ne, wallahi ba zan iya faɗa miki makinsa ba. Masu kaifin basira da fargaba ta yi musu katutu suna nan birjik.

Wanda ya fi ba ni sha'awa a cikin biyar ɗin shine tsari da riƙon alƙawari, dan shi a gwajin rana ɗaya kusan ba ya nuna komai, mai tsari bai fi mara tsari saurin warware lissafi ba. Sai an bi mutane shekara da shekaru yake fito da kansa. A 1994 masu bincike a cibiyar Rush da ke Shikago suka fara bin tsofaffin limaman coci da mata masu zaman ibada na ɗarikar Katolika, mutanen suka yarda a riƙa gwada su duk shekara kuma in sun rasu a duba ƙwaƙwalwarsu. Kyawun wannan rukunin shine rayuwarsu kusan iri ɗaya ce, abinci, gurin kwana, kula da lafiya, sai bambancin hali ya fi saurin fitowa. A 2007 Robert Wilson da abokansa suka ba da rahoto a kan mutum 997 da aka bi har shekara 12, 176 daga ciki suka kamu da Alzaima, wato wani nau'in ciwon mantuwa irin na tsufa, kuma waɗanda ke can sama a ma'aunin tsari haɗarinsu ya yi ƙasa da kashi 89 cikin 100 in aka kwatanta da waɗanda ke can ƙasa. Tun 2003 kuma su ɗin dai sun nuna masu saurin shiga damuwa sosai haɗarinsu ya kai ninki biyu na waɗanda ba su da ita sosai. Na san wannan jimlar ita za ki riƙe, dan Allah ki ƙarasa karantawa. Ƙarshe biyu ne aka kwatanta, na can sama da na can ƙasa, kuma ninki biyu na haɗari ba ya nufin kowa zai kamu, mafi yawan mutanen binciken ba su kamu ba a tsawon lokacin.

Abin mamakin yana wajen duba ƙwaƙwalwar bayan mutuwa. An zaci za a tarar masu damuwa sun fi tara dattin furotin ɗin nan da ake gane Alzaima da shi, masu tsari kuma tasu fes. Ba haka aka gani ba. A 2023 Emorie Beck da tawagarta suka haɗa bincike 8, mutum sama da 44,000, 1,703 sun kamu da ciwon mantuwa, aka sake ganin abu ɗaya, tsari da son shiga jama'a da yawan jin daɗin rai suna tare da ƙarancin kamuwa, saurin damuwa da yawan ƙunci suna tare da ƙaruwarsa, amma tsakanin hali da ainihin ɓarnar da aka gani a naman ƙwaƙwalwa babu wata tsayayyar alaƙa. Ma'ana mutum biyu za su iya ɗaukar ɓarna iri ɗaya a kai, ɗaya ya ci gaba da harkokinsa ɗaya ya rikice. Yaakov Stern na jami'ar Columbia ya daɗe yana bayanin wannan, cewa wasu suna da rarar da suke jure ɓarna da ita. Fahimtata ita ce mai tsari dama can ya saba rubuta abu, yana ajiye kaya guri ɗaya, yana shan maganin hawan jini a kan lokaci, ba ya fashin ganin likita, toh ranar da ƙwaƙwalwa ta fara rauni akwai abin da ke tallafe ta. Kuma ki lura, yawancin waɗannan ayyuka ne, ana iya koyonsu ko da ba a haifi mutum da su ba.

Dole mai hankali ya tambaya, anya ba ciwon ne ke fara canja hali tun kafin a gano shi ba, sai mu ɗauka hali ne ya jawo ciwon? An duba. A binciken tsufa na Baltimore da aka fara tun 1958, Antonio Terracciano ya bi mutum kimanin 2,000, wasu har shekara 36, rahotonsa na 2017 bai ga halin waɗanda suka kamu yana karkacewa kafin ciwon ba, bambancin tun farko yake. Akwai ma wanda ya fi wannan nisa, 'yan sakandare a Amurka da aka auna halinsu a 1960, aka duba bayanan lafiyar sama da 80,000 daga cikinsu bayan shekara 50 da ɗoriya, waɗanda suke da natsuwa da hankalin manya tun suna samari sun ɗan fi tsira. Toh a nan hali ne ya riga.

Amma ciwon damuwa mai tsanani, difireshon, labarinsa daban ne kuma ina so ki raba shi da halin saka abu a rai. Shi ciwo ne da ke zuwa ya zauna makonni, mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da, barci da cin abinci su rikice, jiki ya mutu, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Wannan kam yana taɓa aikin ƙwaƙwalwa sosai, tunani ya yi nauyi, yanke shawara ƙarama ta zama aiki, a karanta shafi a kai ƙarshe ba a san me aka karanta ba. A tsofaffi yana iya yin kama da ciwon mantuwa har a ruɗe, wani likita mai suna Leslie Kiloh ya yi rubutu a kan haka tun 1961. A ɗakin gwaji muna da alamun da muke bi, mai difireshon saurin cewa "ban sani ba" yake tun kafin ya gwada, in ka ce ya kawo kalmomin da kansa sai ya kawo kaɗan, amma in ka jero masa ka ce wanne ka ji ɗazu sai ya gane su, dan suna ciki, jawo su ne ya yi masa nauyi. Mai Alzaima ko an jero masa ba ya ganewa, wani lokaci ma ya kawo kalmar da ba a faɗa ba da cikakken tabbaci. In an yi magani yawancin nauyin yana ɗagawa, ko da yake a wasu ɗan saura yana zama bayan zuciya ta warware, shi ya sa ban son a bar shi ya daɗe ko ya yi ta dawowa. Binciken ma'aikatan gwamnati na Landan da aka fara a 1985, mutum sama da 10,000 aka bi shekara 28, ya nuna alamun difireshon a tsakiyar rayuwa ba su ƙara haɗarin ciwon mantuwa ba a wannan rukunin, waɗanda suka bayyana a shekaru goman ƙarshe kafin gano ciwon su ne ke da alaƙa, kamar dai su ne farkon alamunsa. Shi ya sa dattijon da bai taɓa irin wannan ba sai ya haura 65 ya fara, muna yi masa magani kuma muna ci gaba da sa ido a kansa. Ke da kika taso da abinki tun ƙuruciya ba wannan layin kike ba.

Maganar kotizol da za ki ci karo da ita a intanet, eh sinadarin da jiki ke saki in an shiga matsi ne, kuma ɓangaren ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu yana jin sa sosai. Sonia Lupien ta nuna a 1998 cewa tsofaffin da nasu ya yi shekaru yana hawa wannan ɓangaren nasu ya fi ƙanƙanta, amma mutane kaɗan ne a binciken, kuma masu sayar da magungunan "rage kotizol" sun ɗauki maganar sun kai ta inda ba ta je ba. Kar ki kashe kuɗinki a nan.

Natsuwar yayarki ma wani ɓangarenta kyautar shekaru ce. Laura Carstensen ta jami'ar Stanford ta raba wa mutane daga shekara 18 zuwa 94 'yar na'ura mai ƙara, sau biyar a rana tsawon mako in ta yi ƙara su rubuta abin da suke ji, aka ga ɓacin rai yana raguwa da shekaru har wajen 60, kuma in ya zo wa manya bai cika daɗewa ba. Ita da Mara Mather sun kuma nuna in aka nuna hotuna, manya sun fi riƙe masu daɗi a kan masu tayar da hankali in aka kwatanta da matasa. Bayaninta shine in mutum ya fara jin lokaci ba shi da yawa sai ya daina kashe shi a kan abin da ba zai amfane shi ba. Ana cewa hali zanen dutse, ni dai abin da aka auna bai goyi bayan karin maganar nan gaba ɗaya ba. Brent Roberts ya tattara binciken da aka bi mutane shekaru a 2006, ya ga yawanci tsari da natsuwa suna ƙaruwa da girma, musamman tsakanin 20 da 40 amma ba su tsaya nan ba. A 2017 ya sake tattara bincike 207 na mutanen da aka yi wa jinyar damuwa da makamantanta, ta zama da ƙwararre ko ta magani, a matsakaicin mako 24, ya ga ma'aunin halinsu ya motsa, kuma wanda ya fi motsawa shine saurin damuwa, daidai naki ke nan, kuma canjin bai gudu ba da aka sake dubawa daga baya. Mai saka abu a rai ba zai wayi gari ya zama ba-ruwana ba, amma daga "kullum" zuwa "wani lokaci" tafiya ce da ake yi, na ga masu yin ta.

Wani abu kuma, tsoron mantuwar shi kansa yana rage maki. Thomas Hess ya gwada a 2003, aka ba wasu tsofaffi labarin da ke cewa tsufa na lalata tunani su karanta kafin gwaji, wasu aka ba su mai cewa ba lallai ba, na farkon suka tuna kalmomi ƙasa da na biyun, kuma abin ya fi cin waɗanda suka fi damuwa da ƙwaƙwalwarsu. Ke yanzu duk sanda suna ya maƙale miki sai gabanki ya faɗi ki ce shikenan ta fara, wannan faɗuwar gaban ta cinye gurin da za ki nemo sunan da shi. In kika ƙyale shi kika ci gaba da magana sai ki ji ya faɗo da kansa bayan minti biyar, kuma dawowarsa da kansa alama ce mai kyau.

Abin da zan ce ki yi, ki je ki ga likita amma da niyyar a duba abubuwan da ake iya gyarawa, ƙarancin jini, aikin tayirod wato ƙullin nan na gaban wuya mai daidaita aikin jiki, bitamin B12, suga, hawan jini. Ki kwashi duk magungunan da kike sha ki tafi da su har waɗanda kike saya da kanki, dan magungunan barci irin su diazepam, da wasu na mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, da maganin damuwa mai suna amitriptyline, duk suna dusashe tunani kuma masu fama da rashin barci su suka fi shan su. Ki faɗa masa gaskiyar yadda barcinki yake, in ana ce miki kina minshari har numfashi na ɗaukewa ki ambata. Ki kuma nemi a haɗa ki da mai jinyar damuwa ta hanyar zama da gyara tunani, wadda ake kira CBT, ita ce ta fi hujja a kan irin naki. Kwamitin mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa waɗanda suke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa a duniya, a ciki akwai hawan jini, suga, taba, rashin motsa jiki, raunin ji da ba a kula da shi ba, kaɗaici da difireshon, kuma da yawansu a shekarun da kike ciki ne gyaransu ya fi amfani. Rubuta abu a littafi ko sa ƙararrawa a waya ba gazawa ba ce, kuma aiki mai buƙatar kai ki riƙa yin sa a lokacin da kika fi wartsakewa, an gwada tun 1993 an ga manya da yawa da safe suke kamo matasa a gwajin tuna abu, da yamma liƙis ne tazarar ke buɗewa.

Alamun da za su sa in ce a yi cikakken gwaji ba tare da jira ba su ne in na kusa da ke ne suka fara lura kafin ke, in kina maimaita tambaya ɗaya a zama ɗaya ba ki san kin yi ba, in kika ɓata a hanyar da kika saba bi, in aikin da kika shekara kina yi kamar lissafin kuɗi ko girki ya fara rikice miki a tsakiya, ko a tuna miki abu kacokan kamar baƙin da suka zo jiya ki ce sam ba a yi ba. A duk abin da kika rubuto ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba. In akwai wanda kika bari ba ki faɗa ba, ko akwai wanda ya kamu da ciwon a gidanku tun bai kai 65 ba, ki ambata wa likitan tun a zaman farko, kuma ki tafi da wanda kuke zaune tare dan a ji ta bakinsa shi ma. Allah ya ƙara lafiya.